Da me za a ɗaga gaban babur idan za a kwance shokozoba?

Duk mai hawa babur a Sakkwato ya san alamar. Ka fito da safe ka duba farar sandar nan mai sheƙi ta shokozobar gaba, sai ka tarar da zoben jar ƙura ya kewaye ta daidai inda ta tsaya da nutsewa jiya. Ka shafa da yatsa ka ji maiƙo. Sil ɗin da ke tare mai ya mutu ke nan. Ƙurar hunturu ke cin bakinsa a hankali, ramukan hanya da lodin buhu biyu su ƙarasa shi. Idan aka ƙyale, man zai bi kwanson ƙasa ya gangara har birki, kuma birkin da ya sha mai sunansa kawai birki.

Canza sil da mai ba aiki ne mai wuya ba, yaron shago da ya shekara ɗaya yana iya yi. Inda ake samun matsala shi ne ɗaga gaban babur ɗin ya tsaya cak na tsawon awa biyu ko uku, babu taya, babu shokozoba, ana bugu ana murɗa noti, bai faɗo ba.

Ni da kaina na sha wannan darasin a tsakar gida. Na ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, wadda makanikai ke kira dabul, na tura bulo mai inci 6 a ƙarƙashin inji, na zare taya. Komai lafiya lau har na zo kan notin da ke can ƙasan shokozoba, wanda ya ƙi motsi. Na sa sifana na buga mata guduma sau biyu. A na uku sai na ji ƙas, bulon ya rabe gida biyu, babur ya yi gaba, dabul ta naɗe, ya kife da hanci a ƙasa. Fitila ta fashe, hannun birki ya lanƙwashe, fetur yana tsiyaya daga murfin tanki. Babu taya balle in tura shi wurin gyara, dole na je na ɗauko wani dattijon makanike na unguwarmu. Ya tsaya ya dubi ɓaraguzan bulon ya girgiza kai.

"Ɗana, wa yac ce maka a aza inji bisa bulo? Wanga na gina na, ba na ɗaukar ƙarhe ba na."

Na ce, "Baba, ai na ga ana yi."

Ya ce, "Ana yi, ana kuma sayen hitila."

Bulon siminti yana ɗaukar nauyin gini ne saboda nauyin ya bazu a kan dukan fuskarsa. Ƙasan inji kuwa a wuri ɗaya ƙanƙane yake dannawa, sau da yawa a kan notin zubar da baƙin mai, kuma daidai saman ramin bulon inda babu kauri. Don haka bulo ba ya cikin lissafi, na ambace shi ne kawai don a cire shi tun da wuri.

Kafin a kai ga sauran, akwai tambaya ɗaya da ke raba gardama: me za ka kwance? Duk abin da zai ɗaga babur, ba zai yiwu ya riƙe shi ta ɓangaren da kake son cirewa ba. Maganar kamar ba ta buƙatar faɗi, amma a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Aikin gaba hawa uku ne. Akwai cire taya kawai, don faci ko birki ko boris ɗin taya. Akwai zare shokozoba gaba ɗaya daga maƙalanta biyu, ta sama da ta ƙasa, don canza sil da mai. Sannan akwai kwance wuyan babur kansa don canza boris ɗin wuya, wanda idan ya lalace za ka ji kan babur yana cijewa a tsakiya ko yana ƙwanƙwasa in ka taka birki. Kowane irin sitan, wato ƙarfen da ake ɗaga babur a kansa, akwai hawan da yake tsayawa.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne sitan ɗin gaba mai hannu biyu da 'yan tayoyi, irin wanda ake gani a hotunan wasan tseren babura. Hannayensa suna shiga ƙarƙashin ƙafafun shokozoba, ka danna doguwar mariƙarsa ƙasa, gaba ya tashi. Yana da kyan gani, yana da sauri, kuma idan mutum ya nemi sitan ɗin gaba a intanet shi ne yake fara fitowa. Amma nauyin babur a kan shokozobar yake zaune. Taya za ta fita, shokozoba ba za ta fita ba, domin ita ce ke ɗauke da kayan. Wanda ya saye shi don canza sil kamar mai hawa reshe ne da niyyar sare shi. Hawa na farko kaɗai yake yi, kuma hawa na farko dabul ma tana yin sa kyauta.

Ɗan'uwansa mai fil shi ne na ainihi. Fasalinsu ɗaya daga ƙasa, sai dai wannan yana da dogon wuya da ke bi ta saman modigad ya shiga ƙarƙashin fitila, da wani fil na ƙarfe a ƙarshensa wanda ke shiga ramin da ke ƙasan sandar wuyan babur. Da ka danna, babur ya tashi ta wuya, shokozoba biyu su rataye babu nauyi a kansu. Ka cire taya, ka sassauta maƙalai, su zame ƙasa sumul. Kamfanin Pit Bull na Amurka ya yi suna da irin wannan, akwai kuma na Cana masu arha da yawa. Ga manyan baburan nan na tokumbo da samari ke kira fawa-baik, irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR masu nauyin kusan kilo 190, waɗanda ba su zo da dabul ba kuma salansarsu ta bi ta ƙarƙashin inji an lulluɓe ta da roba, wannan shi ne kayan aikin da aka yi dominsu.

Sai dai yana zuwa da sharuɗɗa, kuma kowanne yana da nauyi a garin nan. Fil ɗin dole ya dace da ramin. Ana sayar da su kauri daban-daban, irin su milimita 13, 17, 18 da 24, kuma idan fil ya yi siriri babur zai riƙa rawa a kansa, idan ya yi kauri ba zai shiga ba sam. Kafin ka biya kuɗi, durƙusa da tocila ka leƙa ƙarƙashin maƙalar ƙasa. A wasu babura ramin a buɗe yake, a wasu hon ko tiyon birki ya tare shi sai an kwance, a wasu kuma babu ramin ma. Idan akwai shi, a auna faɗinsa, mai aikin injin sassaƙa ƙarfe yana iya fiƙe maka fil daidai da shi. Bayan haka, wannan sitan ba ya aiki shi kaɗai. Dole sai an fara ɗaga baya da nasa sitan ɗin babur ya miƙe tsaye, sannan a ɗaga gaba. Wanda ya ɗaga gaba alhali babur yana jingine a ƙafar gefe, kayar da shi zai yi. Sitan biyu za ka saya ke nan, da kuɗin dala, da kuɗin kawowa daga Legas ko Kano. Kuma da yake fil ɗin a cikin wuya yake, aikin boris ɗin wuya ya fi ƙarfinsa.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne ƙasa. Waɗannan sitan masu 'yan tayoyi sai tayoyin sun gangara sun shige ƙarƙashin babur sannan yake tashi. A daɓen siminti abin sha'awa ne. A rairayi kuwa tayoyin nutsewa suke yi, ɗaya ta fi ɗaya zurfi, babur ya karkace yana sama. Yawancin masu gyaran babur a Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla zuwa Runjin Sambo, a gindin dogon yaro suke aiki ko a rumfar kwano, ƙasa ce da baƙin mai ya jiƙa. Wanda ba shi da daɓe, kafin ya sayi sitan ya fara sayen siminti, ko aƙalla faffaɗan falanki mai kauri.

Akwai wasu na Turai da ke kama babur ta tsakiya, ta ramin shaf ɗin da ƙarfen tayar baya ke lilo a kansa. Abba na Ingila da Bursig na Jamus su ne sanannu, wasunsu suna ɗaga tayoyi biyu lokaci guda, har wuya ana iya kwancewa. Kaya ne masu kyau, amma kowane babur da irin mahaɗinsa da za a saya daban, kuma ba don babur ɗin kabu-kabu aka ƙera su ba. Na wuce su.

Mu dawo kan abin da ke cika titin Ahmadu Bello da hanyar Illela: Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng, Honda Ace, da roba-roba. Waɗannan nauyinsu kilo 100 ne da 'yan kai, kuma kusan dukansu da dabul suke zuwa. Wannan ya sauƙaƙa lissafin ƙwarai, domin rabin sitan ɗin yana manne a jikin babur. Idan ka ɗora shi a dabul, yawanci gaba ne ke taɓa ƙasa, baya yana sama kaɗan. Danna kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, da hannu ɗaya, gaba ya tashi. Nauyin da ya rage a riƙe ba shi da yawa, kuma da zarar taya da shokozoba sun fita, gaban ya ƙara sauƙi, babur ya koma ya zauna a kan tayar baya da kansa.

Mutane suna ɗauka sai an ɗaga gaba sosai kafin shokozoba ta fita. Ba haka ba ne. Rim mai inci 17 da tayarsa, tsakiyarsa tana kusan santimita 29 daga ƙasa. Da ka cire tayar, wannan filin duka naka ne, kuma ya ishi sandar ta zame ta fice daga maƙalai. A roba-roba da yawa ma maƙalar ƙasa kaɗai ke riƙe da sandar, tafiyar ta fi gajarta. Yatsa uku ko huɗu tsakanin taya da ƙasa sun wadatar. Duk abin da ka ƙara a kan haka, nisan faɗuwa kawai ka ƙara.

Hanyar da aka fi bi a bakin titi ita ce a sa yaron shago ya zauna a kariya, ko a ɗora buhun yashi. Tana aiki har zuwa lokacin da aka aiki yaron sayen ruwan leda. Buhu ya fi yaro amana, amma shi ma yana da aibi: yana danna baya ne kawai, babu abin da ke tare gaba idan ka jingina da ƙarfi a kan sifana. Abin da ake so shi ne wani abu a ƙarƙashin gaban inji da zai zama ƙafa ta uku.

A nan jak yake shigowa, kuma iri uku ne a kasuwa. Jak ɗin kwalba mai aiki da mai yana da ƙarfi fiye da kima, amma kansa bai wuce faɗin murfin kwalba ba, ƙasan inji kuma alminiyon ne, yana iya tsagewa. Ga shi tsohon jak mai mai yana sauka da kansa a hankali idan robar cikinsa ta gaji, ka bar babur a sama da azahar ka dawo la'asar ka tarar ya sunkuya. Sai jak ɗin mota mai almakashi, wanda ke zuwa a but ɗin ƙananan motoci. Shi da zare yake aiki, inda ka tsaya nan yake tsayawa ko kwana nawa ne, kuma yana tashi kaɗan-kaɗan yadda za ka iya tsayawa daidai inda kake so. Aibinsa gindi siriri da kai siriri, turi kaɗan daga gefe ya kwanta. Na uku shi ne jak mai almakashi da aka yi musamman don babur, mai faffaɗan kai da shimfiɗar roba, wanda galibi ake rubuta masa kilo 500. Shi ne ya haɗa alherin duka biyun, idan ka same shi ka saya.

Idan ba ka same shi ba, mai walda yana iya kusantar da kai. Sayi jak ɗin mota na tokumbo wurin masu kayan gyara, ka duba zarensa bai cinye ba, ka kai a liƙa masa farantin ƙarfe a gindi mai faɗin kamar santimita 30 kowane gefe, da wani ƙarami a kai mai ramuka biyu da za a ɗaure katako. Katakon nan ba ado ba ne. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi yake yi, musamman ƙasan injin da ya sha baƙin mai, katako kuwa yana cizo, kuma yana baza nauyi. Na fi son guntun katako mai tauri a kan falankin silin da ke tsagewa. Wannan haɗin, dabul da jak mai faffaɗan gindi, shi nake amfani da shi, kuma shi zan ce wa duk mai ƙaramin babur ya nema. Yana yin hawa ukun duka, har boris ɗin wuya, domin bai taɓa komai a gaba ba. Kuɗinsa bai kama ƙafar na sitan mai fil ba.

Wurin sa shi yana buƙatar ido. Kwanta ka leƙa. A wasu babura bututun firam yana bi ta ƙarƙashin inji, a nan ake sa katako. A wasu kuma injin ne kansa ke rataye babu komai a ƙasansa, sai a nemi wuri mai faɗi a jikinsa, gaba da dabul, nesa da notin zubar da mai. Salansa ba wurin ɗagawa ba ce ko kaɗan, tana lotsewa, kuma kusoshin da suka riƙe ta a kan silinda suna iya karyewa. Idan ta fi inji sauka ƙasa, a fafe katakon ya ba ta hanya.

Ga mai shago da ke yin babur biyar ko shida a rana, kuma yawanci iri ɗaya, murɗa jak ɓata lokaci ne. Shi gara a yi masa ɗan benci na ƙarfe, gindinsa ya fi kansa faɗi, da katako a sama an lulluɓe shi da guntun tsohuwar taya, tsayinsa an auna shi daga ƙasa zuwa ƙasan inji lokacin da aka danne baya. Yaro ya danna kariya, oga ya tura benci da ƙafa, an gama. Sai dai tsayin da ya yi wa Boxer daidai ba lallai ya yi wa roba-roba ba, don haka za a riƙa ƙara falanki. Wannan shi ne kwatankwacin sitan ɗin baburan daji, wanda ake takawa da ƙafa ya tashi, amma shi an yi shi ne don dogayen babura masu shafaffen ciki, sau da yawa ba ya ma shiga ƙarƙashin namu.

Saura ratayewa daga sama. Idan akwai ƙarfen gini mai kauri ko reshe mai lafiya, a zagaya bel ɗin ɗaure kaya irin na manyan motoci a jikin firam kusa da wuya, a ja sama. Babur ɗin da aka rataye ba ya faɗuwa gefe, kuma ƙasa ko rairayi ce babu ruwansa. Ga babban babur marar dabul da ake son canza wa boris ɗin wuya, sau da yawa wannan ce kaɗai hanyar da ta rage. Amma dubi abin da za ka rataya a jiki. Sandunan rumfar kwano an sa su ne don su ɗauki kwano da zafin rana, ba kilo 100 ba. Kada a ɗaura a hannun babur, yana lanƙwashewa, kuma idan wuya za a kwance shi ma fita zai yi. Robar tib da muke ɗaure kaya da ita miƙewa take yi, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 kuwa ba ta da tabbas ko kaɗan. Sannan babur a rataye lilo yake yi duk lokacin da ka sa ƙarfi. Ni ina ganin ratayewa ta fi kyau a matsayin kariya ta biyu: jak a ƙasa yana ɗauke da nauyi, bel a sama yana jira ko da wani abu ya zame.

Ko wanne ka zaɓa, abin da ya kayar da nawa ba bulo kaɗai ba ne, har da guduma. Duk notin da ke buƙatar ƙarfi a karya taurinsa tun tayoyi biyu suna ƙasa: notin shaf ɗin taya, kusoshin birki, murfin saman shokozoba. Shi murfin, a fara sassauta maƙalar sama kafin a murɗa shi, domin ita ke matse zarensa, a bar ta ƙasa a ɗaure ta riƙe sandar. Notin can ƙasa da ya ba ni wahala kuwa, ya fi saurin kwancewa tun sifirin yana ciki yana danne da abin da notin ya kama. Da ka cire sifirin, sai ya riƙa juyawa tare da na cikin har ka gaji. Idan ka yi haka, lokacin da babur ya tashi babu sauran aikin ƙarfi, sai na yatsu.

Dabul baya take naɗewa idan babur ya gangara gaba, don haka a ɗaure ta da igiya zuwa ƙarfen kare ƙafa ko gaban firam, a sa babur a giya, a tokare tayar baya da dutse ko katako. Mai birkin faifai ya rataye kan birkin da waya kada ya bar shi yana reto a jikin tiyo, kuma ya gargaɗi yara kada su matsa hannun birki, in ba haka ba takalman za su haɗe sai an sha wahalar raba su. Kafin ka zare shaf, kama hannun babur ka girgiza shi hagu da dama da ɗan ƙarfi. In zai faɗi, gara ya faɗi yanzu da tayarsa a jiki.

Wani lokaci sai ka kwance ka je kasuwa ka tarar sil ɗin da ke akwai ba girman naka ba ne, ko ka ga sandar ta yi tsatsa ta ƙwarzane har sabon sil ma ba zai riƙe mai ba, dole babur ya kwana a sama. A irin wannan daren ina ƙara kututture ko turmi a kife a ƙarƙashin maƙalar ƙasa, in toshe bakin sandunan da tsumma mai tsabta saboda ƙura, in rufe fetur. Sannan in ɗaure awaki. Jar akuyar gidanmu ba ta ganin abu a tsaye ba ta je ta soshe jikinta da shi ba, kuma ƙarfen kariya daidai tsayin bayanta yake.